Community Shield: kofi ne ko faifai?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Tun ranar Lahadi, 10 ga Agusta 2025, da Crystal Palace ta doke Liverpool da bugun fenariti a wasan garkuwar Community Shield a Wembley ake ta ja-in-ja. Wasu na cewa Palace ta ɗauki kofi na biyu cikin wata uku, wasu na cewa Community Shield ba kofi ba ne, faifai ne kawai. Masana, a warware min: wa ke da haƙƙin buga wasan nan, me ya sa Arsenal ta buga shi a 2023 alhali ba ta ci komai ba, kuma ana lissafa shi cikin kofuna ko kuwa wasan sada zumunta ne aka yi wa kwalliya?

Gunner Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Dokar ba ta da wuya. In ƙungiyarka ta ci, kofi ne. In ta sha kashi, faifai ne.

Baban Ummi:
Na Fagge, bari mu ba yaron amsa tukuna kafin a fara tsiya.

Ɗan Kurna, ƙa'idar ita ce zakaran gasar Firimiya ya kara da wanda ya ɗauki kofin FA a kakar da ta gabata. Hukumar ƙwallon Ingila ce ke shirya shi, yawanci mako guda kafin a buɗe gasa. Bana Liverpool ta zo a matsayin zakaran Firimiya, Palace kuma ta zo ne saboda ta doke Manchester City da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na FA, ƙwallon Eze.

Idan ƙungiya ɗaya ta haɗa biyun, sai a kira wadda ta zo ta biyu a teburin Firimiya. Lura da kyau, ta biyu a tebur, ba wadda aka doke a wasan ƙarshe na FA ba. Nan mutane ke ruɗewa. A 2023 City ta ci Firimiya, ta doke Manchester United 2-1 a wasan ƙarshe na FA, amma Arsenal aka kira ba United ba, domin Arsenal ce ta biyu a tebur. Haka aka yi a 2019: City ta lallasa Watford 6-0 a FA, amma Liverpool ce ta je Wembley. Haka a 2010 da Chelsea ta haɗa biyun, United ta zo a matsayin ta biyu, ta kuma ci 3-1.

Sannan ba a duba matsayin mai kofin FA. Wigan ta ɗauki kofin a 2013 kuma ta faɗi daga Firimiya a watan, duk da haka ta buga da United a watan Agusta tana ƙungiyar rukuni na biyu. Van Persie ya zura biyu.

Ɗan United Tsohon Hannu:
Kofin koci David Moyes ɗaya tilo ke nan a Old Trafford. Allah Ya jiƙan maza.

'Yar Anfield:
Baba, amma ba tun asali aka tsara haka ba ko? Akwai shekarun da ƙungiyoyin da suka buga ba su da alaƙa da ko wane kofi.

Baban Ummi:
Gaskiyarki. An fara shi a 1908 da sunan Charity Shield, kuma a lokacin zakarun gasa biyu ne daban suka haɗu, Manchester United da Queens Park Rangers. Suka tashi kunnen doki, aka sake wasa United ta ci 4-0. Akwai shekarun da ƙwararru ne suke karawa da masu buga ƙwallo don sha'awa. Daga 1930 ne tsarin zakaran gasa da mai kofin FA ya fara zama, shi ma ba tare da tilas ba.

A 1961 Tottenham ta haɗa biyun, sai hukuma ta tattaro zaɓaɓɓun 'yan wasa suka kara da ita. A 1971 Arsenal ta haɗa biyun amma ba ta buga ba saboda ta riga ta tsara wasanninta na share fage, sai aka ɗauko Leicester, zakaran rukuni na biyu, ta doke Liverpool 1-0. Shekarar da ta biyo baya abin ya fi muni: Derby da Leeds duk suka ƙi, aka buga tsakanin Manchester City da ta zo ta huɗu da Aston Villa zakaran rukuni na uku. Wannan rainin ne ya sa sakataren hukumar na lokacin, Ted Croker, ya mai da wasan Wembley a 1974 domin ya yi masa daraja.

Kuma wasan farko a Wembley bai zo da daɗi ba. Liverpool da Leeds, Kevin Keegan da Billy Bremner suka ba hamata iska, alƙali ya kore su, suka cire riguna suka jefar a kan hanyar fita. An ci kowannensu tarar fam 500, suka rasa wasa 11. Wasan sadaka ke nan fa.

Gunner Na Fagge:
To duk mai cewa sada zumunta ne ya je ya gaya wa Bremner.

Mai Usur:
Bari in shigo ta ɓangaren doka, don nan ne amsar tambaya ta uku take, kuma amsar ba fari ba ce ba baƙi ba.

Abin da ya sa yake kama da wasan gaske: hukuma ce ta shirya, alƙalan Firimiya ne ke busawa, akwai na'urar VAR, akwai lambobin yabo, ƙwallon da ɗan wasa ya ci yana shiga lissafinsa na kaka, ƙungiya kuma tana rubuta garkuwar a jerin abin da ta lashe.

Abin da ya sa yake kama da sada zumunta: babu ƙarin minti 30. Minti 90 na cika ana canjaras, kai tsaye sai bugun fenariti. Ana yarda da canji shida, alhali a Firimiya biyar ne. Sai kuma batun dakatarwa, wanda shi ya fi nuna yadda hukumar kanta ke kallonsa. Ku ɗauki Gravenberch na Liverpool. An ba shi jan kati a wasan ƙarshe na kakar da ta wuce, da Palace ɗin nan a Anfield. Rashinsa a Wembley bai biya bashin ba, hukuncin yana nan yana jiransa a wasan farko na Firimiya da Bournemouth. Ta ɗaya gefen kuma, a Community Shield na 2012 an kori Ivanović na Chelsea a Villa Park saboda ƙetar da ya yi wa Kolarov na City, mako guda bayan haka ya fito a wasan farko na Firimiya da Wigan har ya ci ƙwallo a minti na biyu.

Amma kada wani ya ɗauka ko'ina haka ne. A Sifaniya a 2017, a wasan farko na Supercopa, takwaran wannan wasa a can, a Camp Nou, Ronaldo ya karɓi katin gargaɗi don cire riga, ya karɓi na biyu alƙali ya ce faɗuwar ganganci ya yi, sannan ya tura alƙalin. Wasa biyar aka dakatar da shi, huɗu daga ciki a La Liga ya yi zamansu.

Ɗan Kurna:
Yallaɓai Mai Usur, na ga a wasu jerin ana rubuta cewa "an raba". Yaya ake raba garkuwa ɗaya?

Mai Usur:
Da can in an yi canjaras, kowace ƙungiya ta riƙe ta wata shida. An yi bugun fenariti a 1974, mai tsaron ragar Leeds David Harvey ya ɓarar da nasa Liverpool ta ci 6-5, amma daga baya aka koma rabawa. Na ƙarshe da aka raba shi ne 1991, Arsenal da Tottenham babu ci. Daga 1993 fenariti ya zauna daram.

Shi ya sa lissafin ke zuwa da wutsiya. United tana da 21, huɗu daga ciki rabawa aka yi. Arsenal 17, ɗaya rabi. Liverpool 16, biyar rabi.

Gunner Na Fagge:
A maimaita na tsakiyar nan da ƙarfi, na baya ba su ji ba.

'Yar Anfield:
Mun ji. In ka gama ƙirga faifai ka zo mu ƙirga kofin gasar lig ta Ingila 20 da kofin zakarun Turai shida.

Kocin Layi:
Ku bar wannan. Ni abin da nake so Ɗan Kurna ya gane shi ne dalilin da ya sa sakamakon wasan nan ba ya nuna komai game da kaka. Mu Hausawa muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar maƙaryaciya ce. Ga waɗanda suka ɗauki garkuwar da inda suka ƙare a Firimiya a kakar:

2011 United, ta biyu. 2012 City, ta biyu. 2013 United, ta bakwai. 2014 Arsenal, ta uku. 2015 Arsenal, ta biyu. 2016 United, ta shida. 2017 Arsenal, ta shida. 2018 City, ta ɗaya. 2019 City, ta biyu. 2020 Arsenal, ta takwas. 2021 Leicester, ta takwas. 2022 Liverpool, ta biyar. 2023 Arsenal, ta biyu. 2024 City, ta uku.

Kaka 14, sau ɗaya tak.

Ɗan United Tsohon Hannu:
Koci, ai shi ya sa ake cewa garkuwar tana da baki. Duk wanda ya ɗaga ta ya yi sallama da Firimiya.

Kocin Layi:
Babu wani baki, Alhaji. United ɗinku ta ɗauka a 2007, 2008 da 2010 kuma duk ta ci gasar. Dalilan a fili suke.

Na farko, kusan rabin masu zuwa Wembley ta ƙofar FA suke shigowa, kuma kofin FA wasa shida ne ga ƙungiyar Firimiya, daga zagaye na uku zuwa na ƙarshe. Ƙungiyar da ke ta takwas a tebur za ta iya cin wasa shida na sili-ɗaya-ƙwale, amma ba za ta iya tara maki 85 ko 90 cikin wasa 38 ba. In ta ƙara da garkuwa a Agusta, ba ta canza ba, ita ce dai ta takwas ɗin.

Na biyu, jiki. Shirin kaka yakan ɗauki mako biyar zuwa shida. Makon farko gwaje-gwajen lafiya ne da gudu. A wasan sada zumunta na farko ɗan wasa minti 45 yake yi, na biyu 45 zuwa 60, na uku 60 zuwa 75, sai dab da buɗe gasa ake ba shi 90. Wanda ya tafi gasar ƙasashe kuma ana ba shi hutun kusan mako uku daga ranar da aka fitar da ƙasarsa. Yanzu ku yi lissafi. An buga wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ranar 14 ga Yuli 2024, aka buga Community Shield ranar 10 ga Agusta. Kwana 27. Cire hutun kwana 21, saura shida. Babu kocin da ke da hankali da zai jefa mutum minti 90 da atisayen kwana shida, tsokar bayan cinya ce za ta tsinke ya rasa shi wata guda ko fiye. Shi ya sa Rodri, Foden, Walker da Stones ba su buga wa City ba a ranar. Kuma babbar ƙungiya ita ke da 'yan wasan da suke kai wa ƙarshen irin waɗannan gasa, don haka ita ta fi zuwa Wembley a gurgunce.

Na uku, fenariti. Daga 2017 zuwa bana an yi wasa tara, shida a bugun fenariti aka raba gardama: 2017, 2019, 2020, 2023, 2024, 2025. Ba a auna ƙarfin ƙungiya da bugu biyar.

'Yar Anfield:
Misali mafi zafi a wurinmu shi ne 2022. Liverpool ta ci City 3-1 a filin Leicester, saboda Wembley na shirin wasan ƙarshe na gasar mata ta Turai. Núñez ya shigo daga benci ya jawo fenariti ya kuma ci da ka, Haaland ya buga ƙwallo a turken sama daga bakin raga. Aka wuni ana yi masa dariya a intanet. Ƙarshen kaka Haaland na da 36 a Firimiya, tarihin da ba a taɓa kafawa ba, City ta haɗa kofi uku. Núñez tara ya ci, kuma a wasansa na farko a Anfield aka kore shi don ya yi wa Andersen na Palace karo da ka.

Ɗan Kurna:
To Koci, in sakamakon ba ya nuna komai, me mutum zai duba in yana kallo?

Kocin Layi:
Tsari, ba ci ba. Kuma minti 60 na farko, domin daga nan canje-canje ke rikita komai.

Ɗauki wasan Lahadi. Slot, kocin Liverpool, ya fito da sababbi huɗu: Frimpong a dama, Kerkez a hagu, Wirtz a bayan ɗan gaba, Ekitike a gaba. Ta fuskar kai hari abin ya yi kyau nan take, Wirtz ya ba Ekitike ya ci a minti na huɗu. Matsalar tana baya. Frimpong da Kerkez duk masu son hawa ne. In duka biyun suka hau lokaci ɗaya, Van Dijk da Konaté kaɗai ke rage a baya, kuma dole ɗaya daga cikin 'yan tsakiya biyu ya tsaya a gabansu ya rufe ƙofa. Wannan aikin Gravenberch ne, ba ya nan. Jones da Szoboszlai aka sa, su biyun kuma ƙafarsu gaba take ja.

Glasner, kocin Palace, kuwa bai canza komai ba daga abin da ya ci masa FA: 'yan baya uku, Richards, Lacroix da Guéhi, Muñoz da Mitchell a gefe, Sarr da Eze a bayan Mateta. Sarr da Eze ba sa manne wa layi, suna tsayawa a ratar da ke tsakanin ɗan bayan tsakiya da na gefe. Da an ƙwace ƙwallo, fasin farko gaba ake yi ba gefe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwallon Palace ta farko fenariti ce, Sarr ne Van Dijk ya kayar, Mateta ya buga. Ƙwallo ta biyu a minti na 77, Wharton ya zura fasin, Sarr ya shiga ta wannan ratar. Irin wannan shi ne abin lura, don zai iya maimaituwa a gasa. Fenaritin Salah da ya tashi sama ba abin lura ba ne.

'Yar Anfield:
Na yarda da rabin maganarka, Koci. Amma ƙungiyar da ta canza mutum huɗu dole ta fi wadda ba ta canza kowa ba ruɗewa a Agusta. Matsa lamba a gaba aiki ne na mutum goma a lokaci ɗaya. In ɗan gaba ya taso wa mai ƙwallo, na bayansa bai taso ba da daƙiƙa ɗaya, fasi guda ya wuce mutum huɗu. Wannan sabo ne ke gyara shi, ba sayen wani ba.

Kocin Layi:
Ba mu saɓa ba, Hajiya. Abin da zai raba mu shi ne wasa nawa gyaran zai ci.

Mai Usur:
Akwai wani amfanin wasan da ba a faɗa ba: nan ake fara ganin sababbin dokoki a Ingila. Na'urar da ke nuna ƙwallo ta haye layin raga a wasan 2013 aka fara aiki da ita. A 2023 aka zo da umarnin lissafa duk lokacin da aka ɓata, murnar cin ƙwallo, canji, jinya, shi ya sa Trossard ya farke wa Arsenal a karawarta da City a minti na 101, ƙwallon ta goge jikin Akanji ta shiga. A wasan dai aka ba Arteta katin gargaɗi saboda ya ɗaga hannu yana nuna a ba Rodri kati. Bana kuma dokar mai tsaron raga ce: daƙiƙa takwas yake da su da ƙwallo a hannu, alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu, in ya wuce sai a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Tsohuwar dokar daƙiƙa shida ce da bugun tazara a cikin da'ira, hukuncin ya yi tsauri har alƙalai suka daina busawa.

Wanda bai yi nasara ba shi ne tsarin ABBA na 2017. Maimakon a riƙa bugawa ɗaya bayan ɗaya, sai ƙungiya ta farko ta buga ɗaya, ta biyu ta buga biyu a jere, ta farko ta buga biyu a jere, haka har a gama. Manufar ita ce a rage fifikon mai fara bugu. A wasan Arsenal da Chelsea, Cahill ya ci na farko, Walcott da Monreal suka ci, sai Courtois ya taso daga raga ya ɗauki ƙwallo ya aika ta sama, Morata ya buga waje. Arsenal ta ci 4-1. 'Yan kallo da 'yan wasa duk sun ruɗe da wanda ke bi, a 2018 aka jingine tsarin.

Gunner Na Fagge:
Kuma Victor Moses ne ya ci wa Chelsea a ranar, kafin a kori Pedro, Kolašinac ya farke. 'Yan Najeriya na da hannu a wasan nan ba kaɗan ba. Kanu ya ci fenariti a 1999 da Arsenal ta doke United 2-1, United ɗin da ta gama haɗa kofi uku. Iheanacho ya ci wa Leicester a minti na 89 a 2021, shi Aké ya kayar, shi ya buga, a kan tsohuwar ƙungiyarsa.

Ɗan Kurna:
Yallaɓai Mai Usur, tun da canji shida ne, koci zai iya shigo da gwanin fenariti bayan an busa tashi?

Mai Usur:
A'a. Wanda ke cikin fili lokacin da aka busa tashi shi kaɗai ke da izinin bugawa. Mai tsaron raga ne kaɗai za a iya sauyawa, shi ma in ya ji rauni. Shi ya sa kake ganin canji a minti na 90 da ɗoriya, kamar yadda Glasner ya shigo da Devenny a ƙurarren lokaci kuma shi ya buga na ƙarshe.

Sauran tsarin: ana jefa kwabo sau biyu, na farko don zaɓen ragar da za a yi amfani da ita, na biyu wanda ya ci ya zaɓi ya fara ko ya bi baya. In ƙungiya ɗaya ta ƙare da mutum goma, ɗayar ma dole ta cire mutum ɗaya ta sanar da alƙali, don kada a zo bugu na 11 gwanin masu goma ya dawo zagaye na biyu alhali golan masu sha ɗaya ne zai buga. Katin gargaɗin da aka samu cikin wasa ba ya bin mutum zuwa bugun fenariti. Mai tsaron raga kuma dole aƙalla wani ɓangare na ƙafa ɗaya ya kasance a kan layi, ko saitinsa, ko bayansa, lokacin da aka taɓa ƙwallo.

Kuskuren da koci ke yi shi ne shigo da mutum bai ko taɓa ƙwallo ba, jiki a sanyaye, a ce ya ɗauki nauyin ƙungiya. Wani lokaci ya yi daidai, kamar na Devenny. Ingila ta gwada da Rashford da Sancho a wasan ƙarshe da Italiya a 2021, kowa ya san yadda ta ƙare.

Na Damagaram:
Ina ta karatu shiru. Ku 'yan Ingila ku gode wa Allah naku yana gida kuma yana farkon kaka. Na Faransa, Trophée des Champions, tun 2009 yake yawo: Montreal, Tunisiya, Tanja a Maroko, Amurka, Libreville a Gabon a 2013, Sin, Isra'ila, har Doha a Janairun 2025 inda PSG ta ci Monaco 1-0. Italiya ta kai nata Tripoli a 2002. Sifaniya kuwa ta sauya abin gaba ɗaya: da gida da waje ake yi a Agusta, daga 2020 ya koma ƙungiya huɗu a Janairu a Saudiyya, biyun farko a La Liga da biyun da suka kai wasan ƙarshe na kofin Sarki. A karon farko na sabon tsarin, Barcelona mai gasar da Valencia mai kofin duk a wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da su, Real Madrid da Atlético suka buga na ƙarshe. Ka ga sunan yana nan, ma'anar ta tafi.

Jamus ce ta riƙe tsari irin na Ingila. Bara Leverkusen ta haɗa biyun, aka kira Stuttgart ta biyu a tebur, Boniface ya fara ci, aka tashi 2-2, Leverkusen ta ɗauka a fenariti duk da ta daɗe tana wasa da mutum goma. Daga bana sunan Beckenbauer aka sa wa kofin.

Ɗan United Tsohon Hannu:
Ka manta Turkiyya. Disambar 2023, Galatasaray da Fenerbahçe sun isa Riyadh, 'yan kallo na cikin fili, aka soke wasan saboda saɓani kan riguna masu hoton Atatürk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya. Da aka sake sa shi a Afrilu a gida, Fenerbahçe ta turo yara 'yan ƙasa da 19, Icardi ya ci a minti na farko, yaran suka fice daga fili.

Ɗan Kurna:
Baba, saura abu ɗaya. Me ya sa aka canza sunan daga Charity zuwa Community, kuma kuɗin ƙofa ina suke zuwa?

Baban Ummi:
A 2002 aka canza. Hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta binciki lamarin, ta gano hukumar ƙwallo ba ta cika sharuɗɗan dokar sadaka ba: ba ta bayyana wa masu sayen tikiti kason da ke zuwa agaji ba, kuma an yi jinkirin biyan wasu kuɗin. Sai aka cire kalmar sadakar daga sunan. Arsenal ce ta fara ɗaukar sabon sunan, Gilberto Silva ya ci Liverpool a Cardiff, don lokacin ana sake gina Wembley, daga 2001 zuwa 2006 can ake bugawa.

Rabon kuwa, ana ba ƙungiyoyi 124 da suka buga kofin FA daga zagayen farko zuwa sama, kowace ta miƙa wa aikin alherin da ta zaɓa a yankinta, ragowar ya tafi ga ƙungiyoyin agajin da hukumar ke hulɗa da su. In kana son sanin inda 124 ya fito: zagayen farko ƙungiya 80 ne, 48 daga rukuni na uku da na huɗu, 32 daga ƙananan da suka tsallake share fage. A zagaye na uku 44 na Firimiya da rukuni na biyu ke shigowa. Haɗa ka gani.

Gunner Na Fagge:
To a yanke hukunci mana. Kofi ko faifai?

Kocin Layi:
Ba babban kofi ba ne, ba ya ba ka gurbin gasar Turai, ba a korar koci don ya rasa shi. Amma ka tambayi Guardiola. Barcelona ta 2009 da Bayern ta 2020 sun haɗa kofi shida, kuma irin wannan kofin na cikin shidan. City ta 2023 ta ci Firimiya, FA, zakarun Turai, Super Cup a kan Sevilla, kofin duniya na ƙungiyoyi a kan Fluminense. Biyar. Na shidan shi ne wanda ƙwallon Trossard ta ƙwace.

Ɗan United Tsohon Hannu:
Mourinho ma, yana kocin United, yatsu uku ya ɗaga don nuna kofi uku a Stockholm a 2017, ya sa yaransa suka ɗaga, kuma ɗaya daga cikin ukun wannan faifan ne.

'Yar Anfield:
Su Palace dai ko kwana ɗaya ba su yi da murnar ba. Washegari kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da hukuncin UEFA na sauke su daga gasar Europa zuwa Conference, saboda attajiri John Textor na da hannun jari a Palace da Lyon a lokaci ɗaya. Nottingham Forest ce ta gaji gurbin.

Mai Usur:
Gyara kaɗan ga wanda ya turo min saƙo ta gefe yana cewa kofin Carabao ma na ba da damar zuwa wasan nan: ba ya bayarwa. Newcastle ce ta ɗauke shi a Maris, ta doke Liverpool 2-1, kuma ranar Lahadi a gida ta kalla kamar kowa.

Gunner Na Fagge:
Kamar United.

Ɗan United Tsohon Hannu:
Kamar Arsenal dai. Mu haɗu Old Trafford ranar Lahadi.